Sitiyarin Baba da Hanyar Halfa

Ban samu jana'izar Baba, surukina, ba. Matarsa ma, wadda muke kira Inna, ba ta samu ba. Ranar da Allah Ya karɓi abinSa muna can Wadi Halfa, bakin iyakar Sudan, ni da ita, kuma kafin mu juyo mu iso Alƙahira har ana shirin sadakar uku. Daga Allah muke, kuma can ɗin dai za mu koma, kowa da ranarsa.

Da la'asar muka shigo lungunmu na Ard al-Liwa, a ɓangaren Giza, a cikin motarsa. Maƙwabta Misirawa sun jera kujeru kamar yadda suka saba, mutanenmu sun shimfiɗa tabarmi a gefe, karatu yana tashi daga lasifika. Da hancin motar ya leƙo kwanar lungun, sai kowa ya miƙe tsaye ba tare da an ce a miƙe ba. Wani dattijo ɗan Nijar, abokin shan shayinsa, ya ɗaga hannu zai gaishe da direba, sannan ya ga fuskata, ya mayar da hannun a hankali. Usta, Bamisiren da ke sayar da tsofaffin kayan mota, wanda suka yi shekaru suna cacar baki da Baba, ya zo ya kifa goshinsa a kan bonet yana kuka da ƙarfi, irin kukan da namijin Bahaushe ba ya yi a bainar jama'a. Ɗalibai sun zo daga unguwannin Hayyin Ashir da Hay el-Sabi', wasu har da furfura a gemu, kowa yana cewa wannan motar ce ta ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara taka Masar.

A ɓangaren mata kuwa an yi ƙus-ƙus, kuma maiɗakina ta ji da kunnenta. Wai wace irin mace ce za ta bar mijinta ba lafiya ta tafi ziyara? Wai shi kuma mijin 'yarsu, da karatunsa da komai, bai san ya hana ba? Ban yi fushi da su ba, don ba su san abin da aka yi shekaru ana yi a ƙarƙashin motar nan ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Baba ya baro ƙasar Hausa yana saurayi, tare da masu tafiya Makka ta ƙasa. Ya tsaya a Sudan don ya nemi guzuri, ya zama direban babbar mota, ya ga Inna, sai Makka ta ɗan jira. Inna Bahaushiyar Sudan ce, marainiya, yayarta ce ta raine ta. Har yau ba ta kiranta da komai sai Yaya, mu ma haka muke kiranta. Ranar da Baba zai taho da amaryarsa Masar, Yaya ta riƙe masa hannun riga, ta ce ba za ta saki ba sai ya yi mata alkawari. Ya ce zai dawo mata da ƙanwarta da kansa, a cikin motarsa, har ƙofar ɗaki. A lokacin ko keke ba shi da shi.

Daga baya ya samu motar, tsohuwa kirar Faransa, mai dogon baya, launin ƙasa-ƙasa. Amma hanya babu. Mai zuwa Halfa sai ya haye wani babban tafki daga Aswan, can kudancin Masar, a jirgin ruwa mai tsani da cunkoso da jira a rana. Da farko babu hali, sannan ga yara, sannan ƙugun Inna ya fara ciwo har ya zama ba ta iya dogon zama, balle hawa tsani. Ita kuma Yaya ta makance, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Halfa inda yake aiki. Sai waya kawai ta rage a tsakaninsu. Baba ya auna bayan motarsa da igiya, ya ga katifar Inna tana shiga daidai. Da aka fara raɗe-raɗin ana gina hanyar mota zuwa Sudan, sai ya koma kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

Sai ga shekarar nan ta 2011 da gari ya hargitse da juyin juya hali, kowace unguwa tana tsaron kanta. Samarin lungu suka zo neman abin da za su tare bakin hanya da shi. Baba ya fito da motar ya gindaya musu ita. Wata akori-kura da ta zo a guje ta daki tayar gaba, ta wuce abinta. Jikin motar bai nuna komai ba, amma daga ranar sitiyarinta ya lalace. Kana juya shi yana juyawa kamar murfin tukunya, taya kuwa sai ta ga dama take bi. Da motar yake cin abinci, don haka abincin ma ya tsaya. Gidan ya koma kan yaji da daddawa da kukar da Inna ke sayar wa ɗalibai. Na ce masa a kai gareji, in taimaka da abin da nake da shi. Ya kalli gefe, kamar yadda yake yi duk lokacin da zai yi mini magana, ya ce, "Malam, bari dai mu tambaye ta." Motar yake nufi.

Ga yadda ake tambayarta. Bayan la'asar Baba zai shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Inna za ta fito da sandarta da matashin kai, a taimaka mata ta zauna a kujerar direba. Ba ta taɓa tuƙa mota ba a rayuwarta. Aikinta ta riƙa girgiza sitiyarin hagu da dama, kaɗan-kaɗan, shi kuma daga ƙasa yana dafa kowace gaɓa da tafin hannu, idonsa a rufe, yana jin inda ƙarfe ke wasa a cikin ɗan'uwansa. Sau ɗaya na karɓi aikin girgizawar don in hutar da ita. Muryarsa ta fito daga ƙasa: "Ya zol, bawan Allah, ba tuwo aka ce ka tuƙa ba. A dawo mini da Hajiya." Daga nan aka mayar da ni mai riƙe tocila da miƙa sifana.

Na gode wa Allah da wannan ragin matsayi. A sarari ni da Baba ba ma haɗa ido. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, in ya shigo ɗaki sai in tuna ina da uzuri a waje. Amma a ƙarƙashin mota babu fuskar da za a kalla, duk mu biyu ƙarfe muke kallo. A nan na san surukina. A nan yake ba da labarin hanyar da bai taɓa bi ba, kamar ya bi ta jiya. Yana cewa bayan Aswan kwalta za ta miƙe kamar zaren saƙa, babu kwana, babu gida, sai duwatsu baƙaƙe masu kan tulu. Yana cewa ruwan tafkin zai ɓullo ba zato, shuɗi, a tsakiyar rairayi. Muryarsa tana bi ta cikin injin ta fita sama, Inna tana jinta. Na sha leƙowa in gan ta idonta a lumshe, hannayenta suna kaɗa sitiyarin, tantabarun maƙwabta suna zagaye a samaniyar da ta yi ja, jirgin ƙasa yana kuka daga nesa. A irin wannan lokacin ba na jin motar tana tsaye. Sai mai tuk-tuk, babur mai ƙafa uku, ya danna mana hon mu matsar da ƙafafu, sannan mu dawo Ard al-Liwa.

Gyaran ya ɗauki shekaru, don ba a taɓa sayen abu biyu a wata guda ba. Robar da ke hana ƙura shiga gaɓoɓin, daga tib ɗin taya ya yanko ta, ya ɗaure da waya. Giris kuwa ragowar gwangwanayen direbobin ƙananan bas-bas na haya ne, yana bi yana kankarewa da cokali. Bushin, wato robar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya zana shi a kan kwali, wani mai injin sassaƙa ya fitar masa da shi daga guntun roba mai tauri. Ya daina sa sukari a shayi, ya ce likita ne ya hana, alhali duk mun san bai ga likita ba. Sauran kayan daga tsibin tsofaffin ƙarafan Usta suke fitowa, kuma yawanci da yajin Inna ake biya, don Usta ya kamu da shi har ba ya iya cin ful, dafaffen waken Misirawa, sai da shi.

Abu ɗaya ne Baba ya ƙi yi wa arha. Tayarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ta lanƙwashe tun ranar karon. Usta ya ce a gasa ta a wuta a miƙe ta, kowa haka yake yi.

"Ya Hagg, rabin motocin Giza da gasasshiya suke yawo. Khalas, shi ke nan, kawo in yi maka."

"Rabin motocin Giza ba Hajiya za su ɗauka ba," in ji Baba.

"To ka jira har ranar tashin ƙiyama!"

"Ma'alish, ba komai. Ina da kwali, ina da inuwa."

Haka ya yi ta komawa yana tona tsibin nan, yana ɗaga kowace sanda ya kai ta saitin ido kamar mai duban wata, ya ajiye. Usta yana zaginsa da Larabci, yana aiko masa da shayi.

Sun taɓa yin faɗa da Inna a kan gyaran nan, faɗa na gaske. Tana da wata langa mai furanni, ita kaɗai ta rage daga kayan ɗakin da Yaya ta haɗa mata. Rannan ta fito ta tarar da langar cike da kananzir, Baba ya jiƙa boljoyin, gaɓoɓin ƙarfen sitiyari, a ciki yana wanke su da tsohon buroshi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, duk gidan nan ka rasa gwangwani?" Ya ce ai langar ce mai faɗin da ya dace. Wannan amsa ita ta ƙarasa shi. Ta daina yi masa magana, abinci ma ta hannun 'yarsu yake zuwa. Na ɗauka gyara ya tsaya. Amma da la'asar ta yi sai ga ta da sandarta da matashinta, ta zauna, ta kama sitiyari. Ta fizge shi har motar tana rawa. Baba ya juyo da kai wajena a ƙasa ya yi raɗa, "Yau da fushi ake tuƙa mu." Can kuma sai ya danna tafinsa a wani wuri. Ashe fizgar da ta yi ce ta tona wata gaɓa da ta daɗe tana ɓoye masa. Ya yi ta yi mata godiya daga ƙarƙashin mota, tana kallon bango. Langar kuwa har yau in an zuba tuwo a ciki ana jin ɗan ƙamshin gareji.

Hanyar ta buɗe kafin sandar ta samu. Motoci suka fara zuwa Halfa suna dawowa, Baba yana tare direbobinsu yana tambaya, suna gaya masa abin da ya riga ya gaya mana. Sai ɗan Yaya ya bugo waya. Ya ce tsohuwa ta rage cin abinci, ta daina tambayar kowa sai ƙanwarta, kuma da sunan yarinta take kiranta. Inna ta ajiye wayar ta shiga ɗaki. A makon ne Usta ya shigo lungun da kansa, da wata sanda a nannaɗe cikin jarida. Bai faɗi inda ya samo ta ba, bai kuma yarda a yi maganar yaji ba.

Baba ya ɗaura ta. Ya ari zaren ɗinkin Inna, wannan karon da izini, ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba a kowane gefe, yana juya noti kaɗan-kaɗan har tayoyin suka kalli gaba tare. Inna ta girgiza sitiyari, ya dafa ko'ina, babu inda ya amsa. Ya fito daga ƙasa yana kakkaɓe riga, ya ce, "Tamam, daidai. Ba ta da sauran magana."

Washegari da hantsi ya yi wanka, ya sa babbar riga da hula, ya shiga zai fitar da ita gwaji. Inji ya tashi. Lungunmu ƙunci gare shi, dole a karya sitiyari gaba ɗaya kafin mota ta motsa. Baba ya kama ya ja. Bai juyu ba. Ya gyara zama, ya sa hannu biyu a gefe guda, ya ja har hularsa ta zame. Tayar ta ɗan motsa ta tsaya. Irin motocin nan ba su da abin da ke taimaka wa direba, ƙarfin damtse ne kawai, ga kuma gaɓoɓi duk an ɗaure su tsam. Hannun rigarsa ya zame zuwa kafaɗa, na ga damtsen. Duk mun san ya rame a shekarar, mun ji tarin, mun ga yana hutawa a tsakiyar alwala. Amma babbar riga tana rufa asiri, mu ma mun so a rufa mana.

Ya kashe injin. Ya sauke hannayensa a kan cinya. Sannan ya ce, ba da kowa yake ba, "Sitiyari dai ya warke." Wallahi ban taɓa jin tausayin namiji kamar yadda na ji a lokacin ba, kuma babu halin in nuna.

Tun da ya mallaki motar nan babu wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi. Ya fito, ya miƙo mini makulli yana kallon gefe. Inna, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta gane kafin ya yi magana.

"Ba inda za ni, Alhaji. In bar ka a haka?"

"Ni na yi alkawari, ba ke ba."

"Cewa ka yi da kanka."

"Hajiya, duk notin da ke ƙarƙashin nan hannuna ne ya ɗaure shi. Malam riƙewa kawai zai yi."

Ta ce to ya shiga gaba mu tafi tare. Ya ce katifa ɗaya ce, kuma mota ba ta ɗaukar majinyata biyu. Ga 'yarsu da tsohon ciki, wa zai zauna da ita? Suka yi ta ja har azahar. A ƙarshe ya ce mata, "Yaya ba ta da lokacin da za mu gama gardama." Sai ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya.

Ranar tafiya shi ya fitar da mu daga lungun, yana tafe da baya-baya a gaban mota yana yi mini alama da hannu. "Karya duka. Yawwa. Saki kaɗan. Yalla, tafi." Da muka hau titi na gan shi a madubi, ya jingina da bango, yana ƙanƙancewa har motoci suka rufe shi.

Kowa ya san abin da ake nufi da Bahaushe da surukarsa a mota ɗaya, su kaɗai, tafiyar kwana da kwanaki. Tana kwance a baya, ina gaba, ba mai magana. In lokacin salla ya yi sai ta ce da rufin mota, "A gaya wa direba ya tsaya." Ni kuma in ce da gilashi, "An ji." Bayan Aswan komai ya zama yadda ya faɗa. Kwalta ta miƙe, duwatsu baƙaƙe suka jeru, kawalwalniya tana shimfiɗa mana ruwa a gaba tana janyewa. Motar tana tafiya kamar ta san gidan. A wani wuri na sassauta hannuna daga sitiyari don in gani, ba ta karkata ko'ina ba. Na riƙa jin kamar yana nan ƙasa a kan kwalinsa, tafinsa a kan ƙarfe, muna tafiya tare. Da tafkin ya ɓullo, shuɗi a tsakiyar rairayi, sai na ji Inna ta ce a hankali, "Ga shi kuwa." Jirgin fito ya haye da mu har da motar, ba ta ko sauka daga katifa ba.

Mun sami Yaya da rai. Tana kwance a kan gadon igiya a inuwar tsakar gida, ta koma kamar ƙaramar yarinya. Na ja motar har ƙofar ɗaki. Tunda Inna ba ta iya dogon zama, sai aka kwantar da ita a gefen yayarta. Yaya ta bi fuskarta da yatsu, goshi, hanci, haɓa, ta ce, "Kin tsufa." Inna ta ce, "Ke fa?" Suka fashe da dariya suna kuka. Da yammar ranar Yaya ta sha kunu, ta nemi ƙari.

Na kira Baba. Ya ce kada in ba kowa wayar, in ajiye ta kawai a kan gadon a tsakaninsu. Na ajiye. Tsofaffin nan biyu suna ta musu a kan wata akuya da ta ɓace tun suna yara, ba su ma san yana ji ba. Ya daɗe yana saurare. Da na ɗauka na ji numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya ce, "Khalas, Malam. Allah Ya yi maka albarka. Kada ku yi gaggawar dawowa."

Sauran labarin daga bakin maiɗakina na ji shi, bayan mun dawo, masu gaisuwa sun watse, Inna ta shiga takaba. Muna zaune mu uku a ɗakin Inna, 'yar ta durƙusa gaban uwarta ta faɗi abin da take riƙe da shi. Tun ranar da muka tafi Baba ya kwanta bai sake tashi ba. Duk lokacin da ta ɗauki waya za ta kira mu, sai ya riƙe mata hannu. Ya ce in aka gaya wa Hajiya, ko a tsakiyar tafki take za ta sa a juyo da ita. Ya ce a bar ta ta ƙoshi da 'yar'uwarta, shi ya samu nasa rabon shekara da shekaru. In mun bugo, sai ya sa a tashe shi zaune, ya sha ruwa, ya gyara murya. Ba ta kira mu ba sai da ta rufe masa ido.

Ya Allah, Ka san bawanKa fiye da yadda muka san shi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da waɗanda suka cika abin da suka ɗauka.

Maiɗakina tana kuka tana cewa, "Inna, ki yafe mini, na hana ki ganinsa." Inna ba ta yi kuka ba. Ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta ce, "Babu abin yafewa. Cewa ya yi zai kai ni, kuma ya kai ni."